Rabin Sa'a Daga Bakin Tafki

Ragon yana ɗaure tun hantsi, wuƙa tana kan tabarma, maza sun jeru a ƙofar ɗaki, amma maigida bai dawo ba. Ranar Soriyo ce, ranar da kowane gida a Hor yake yanka a shafa wa maza jini a goshi, kuma ba a sa wuƙa sai maigida yana tsaye. Da rana ta kusa tsaka Gumato, uwargidan, ta gaji da jira. Ta ja mayafinta ta nufi filin jirgi tana mita, wai tsohon nan ya fi son jirgin mutane a kan 'ya'yansa.

A cikin rumfar kwanon da yake fakewa ta same shi, kwance a gefen duron ruwa, ƙeya a fashe. Mijinta Barille, wanda ya tsufa yana korar awaki daga filin kafin jirgin asibiti ya sauka, rai ya riga ya yi halinsa.

Kafin a rufe shi da zane rabin gari ya iso. Aka tattake ƙofar rumfar, aka tattake cikinta. Umuro, babban ɗan mamacin, shi ya fara lura da wani abu yana ƙyalli a bakin ƙofa. Ya durƙusa, ya miƙe da sauri kamar ya ga kunama.

"Ɓawon kifi," in ji shi.

Ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Mu Gabra ba ma cin kifi, ba ma taɓa shi, mai cinsa ma ba ya sha a ƙwaryarmu ta nono. A duk Hor mutum ɗaya ke hulɗa da shi, Erupe, mutumin Turkana da ke sayar da busasshen kifi ga malaman makaranta da ma'aikatan da aka turo daga kudu. Jiya-jiya aka ji su da Barille suna cacar baki a kan jakuna. Yau da safe kuma, lokacin da kowane ɗan Gabra yake gidansa, wata mata ta hango Erupe a gefen filin.

Da ƙyar Kofur, ɗan sandan garin, ya riga samari isa kasuwa. Ya kulle Erupe a ɗakin tsaro, ya zauna a ƙofa da bindiga a cinya. Su biyu ne kacal a ofishin, shi da wani kurtu. Ruwan da ya gangaro daga duwatsu ya cika hamadar Calbi, motar masu bincike daga Marsabit ba ta da hanya.

"Kofur, ba da kai muke ba," in ji Umuro, samari a bayansa. "Mun ba gwamnati zuwa faɗuwar ranar gobe. In ba ta zo ba, mu ma mun san hanyar ɗakin nan."

Kofur ya aika a kira masa Elema.

*

Elema ya haura sittin, jinin Soriyo bai gama bushewa a goshinsa ba. Duk raƙumin da aka sace tsakanin Calbi da Dutsen Kulal shi ake sakar wa sawunsa. Ba ya sauri, ba ya son a yi masa sauri, kullum asuwaki a gefen baki.

Ya tsaya a bakin rumfar ya dubi ƙasa.

"Garken shanu kuka shigo da shi ne?"

"Masu kuka ne, Baba," in ji Kofur.

"Da ƙafa suke kukan ke nan."

Ya bar tsakiyar wurin ya koma gefe, can ƙarƙashin leɓen kwano inda ba wanda ya taka. Ya kwanta rubda ciki yana duban ƙasar ta gefe. Shaida biyu ce kusa da juna, irin wadda takalmin taya ke bari in an ajiye shi ya ɗan jima. A cikinsu ɓawon yake. Ya karyo ƙaya, ya tsinci ɓawo uku a hankali, ya naɗe su a ganyen goruba, bai bari sun taɓa fatarsa ba.

"Mutumin ya cire takalmi kafin ya shiga," ya ce. "Kofur, ka taɓa ganin wanda ya zo kisa ya cire takalmi?"

"Na ga wanda ya zo sata ya cire."

"Gaskiyarka. To me za a sata a nan? Duro?"

Daga rumfar ya bi gefe-gefe zuwa cikin filin. Abin da ya rage kaɗan ne, rabin dunduniya a nan, bakin yatsu a can. Mai takalmin ya zo da dogon taku yana caka dunduniya, tafiyar mai fushi. Ya koma a kan yatsu, a guje. Sannan sawun ya shiga tsakuwar filin ya ɓace, kamar kowane sawun da ya shiga tsakuwa.

"Ta can gidan Erupe yake," in ji Kofur, yana nuna hayin filin.

"Ta can Habasha ma take," in ji Elema.

*

Leɓen Erupe ya kumbura, wani ya same shi da sanda kafin Kofur ya iso. Yana zaune a ƙasa, baya jingine da bango.

"Mai raƙuma, kai suka turo ka ƙarasa ni?"

"Ni sawu nake bi. Me ya kai ka filin da safe?"

"Baƙar jakata ta tsinke. Na san yau jirgi zai zo, in ta shiga filin tsohon nan har kakana sai ya zaga."

"Ka gan shi?"

"Na gan shi yana korar awaki. Ya ɗaga sanda ya ce, ɗan kifi, zo kwashe uwarka. Na ce ai ita ta yi renonka. Gaisuwarmu ke nan tun da na zo garin nan." Erupe ya shafa leɓensa. "Na kama jakata na juya. Ina cikin goruba na ji jirgin yana saukowa."

"Ka taɓa shiga rumfarsa?"

"Ni? Inuwarta ma ba ya bari in taka."

Elema ya dubi takalmansa. Na taya ne, irin na kowa, irin nasa shi ma.

"Kar ka wahalar da kanka," in ji Erupe. "Na san yadda ake yi. An ga kifi, an ga mai kifi. Abu ɗaya nake roƙo. Ka gaya wa matata Asekon gobe kafin la'asar ta kwashe yara ta shiga asibiti ta zauna. Kar su ji komai."

"Ka gaya mata da bakinka jibi," in ji Elema, amma bai yarda sun haɗa ido ba.

*

An rufe Barille da yamma. Elema ya jira mata suka ragu, sannan ya tsuguna nesa kaɗan da Gumato.

"Uwar Umuro, Allah ya ba da haƙuri. Tambaya ɗaya. Wa zai zo wurin mijinki da fushi, amma duk da haka ya cire takalmi a ƙofa?"

Ta daɗe tana duban hannuwanta.

"Katelo," ta ce a hankali.

Kowa ya san labarin. Katelo ɗan ƙanin Barille ne, maraya, a ɗakin Gumato ya girma. Ya tafi Loyangalani a bakin tafki, ya sami aikin mirgina duron mai a filin jirgin can, ya auri 'yar masunta. Tun daga ranar Barille ya hana a kira sunansa a gabansa.

Umuro ya jiyo ya matso. "Inna, kar baƙin ciki ya sa ki faɗi abin da ba shi ba ne. Katelo yana bakin tafki."

Elema ya sa Kofur ya kira wani ɗan Hor mai kanti a can, aka buɗe muryar wayar kowa ya ji.

"Katelo? Tare muka sha shayin safe a kantina. Da rana tsaka kuma na hango shi yana mirgina duro. Ni na je na gaya masa rasuwar, ya zube a ƙasa. Gobe da asuba zai hau babbar mota."

"Ka ji, Baba?" in ji Umuro. "Kwana uku a ƙafa, yini guda a mota. Sai in ya zama shaho."

Elema ya gyaɗa kai. Ba ya buƙatar a gaya masa nisan tafki. Ya taka hanyar nan da raƙuma tun yana saurayi, ya san kowace rijiya, ya san inda baƙin dutse ke cinye takalmi. Nisan a gwiwoyinsa yake. Ya cire Katelo daga ransa, ya miƙe da ƙullin ganyensa.

Abin da ya dame shi ɗaya ne. Sawun kura ya sani, kashin raƙumi in ya murza zai faɗi rijiyar da ya sha ruwa. Amma abin da ke cikin ganyen nan bai san karatunsa ba, kuma duk danginsa babu wanda ya sani.

*

Asekon, matar Erupe, tana share gaban rumfarsu ta kasuwa da samari suka farfasa. Ba ta ɗaga kai ba.

"In sauran kifin kuka zo zubarwa, 'yan'uwanka sun riga ka."

"Tambaya na zo yi."

Ya buɗe ganyen ya ajiye a kan dutse, ya ja da baya. Ta dube shi, ta dubi ganyen, ta yi wata gajeriyar dariya.

"Ka tsufa kana murza kashin raƙumi da hannu, ɓawon kifi ne zai kashe ka?"

"Kowa da abin da uwarsa ta hana shi. Na mijinki ne?"

Ta ɗauki ɗaya ta ɗaga shi ga hasken yamma. Ta danna shi a yatsa, ya manne. Ta sunsuna. Sannan ta duƙa ta tsinto wani daga cikin shararta ta ajiye kusa da shi.

"Dubi namu. Fari ne, ya nannaɗe, in ka matsa ya karye. Gishiri da rana sun cinye shi. Naka kuwa a miƙe yake, ana ganin haske ta cikinsa, ga yauƙi bai gama bushewa ba. Wannan bai ga gishiri ba, bai ga rana ba."

"Ma'ana?"

"Ma'ana yau da safe mai wannan ɓawon yana yawonsa a cikin ruwa."

Elema ya cire asuwakin daga baki. "In aka ɗauko ɗanye a mota fa?"

"A wannan zafin? Kafin ku kai ƙauyen Gas direba zai jefar da kifin, ya jefar da kai. Tun da muka zo Hor ban ga ɗanyen kifi da idona ba." Muryarta ta sauya. "Baba, wannan zai fitar da shi?"

"Zai fitar da shi a wurina. Saura wurinsu."

*

Washegari da hantsi ya sami Ibrae, direban asibiti, yana wanke mota. Shi ke ɗauko matuƙin jirgin daga filin ya mayar da shi.

"Jiya me ka ɗauko?"

"Akwatin allura, Baba. Da matuƙi."

"Da me?"

"Shi ke nan."

Elema ya leƙa bayan motar ya ja numfashi. "Ibrae, sabulu ba ya kashe wannan warin."

Tsumman ya faɗi daga hannun direban. Ya waiga hagu da dama.

"Don Allah kar surukina ya ji. Kwandon kifi ne, matuƙin ya kawo wa ma'aikatan asibiti, 'yan kudu ne, suna so. Ya ce in ɗauka. Ranar Soriyo, Baba. Sau uku na wanke hannu da toka kafin in je gida."

"Ka je rumfar Barille?"

"Me zai kai ni? Ya ɗaga mana hannu daga nesa muka wuce."

Elema ya dubi ƙafarsa. Takalmin soja ne mai igiya, kuma ya ga sawunsa jiya, daga mota zuwa inda jirgi ya tsaya, daga nan zuwa mota.

"Kwandon yana yoyo?"

"Kamar rariya. Duk ya jiƙe ƙasan jirgin, bayan kujerar matuƙi."

"Wa ya sauko ban da shi?"

"Ba kowa."

"Ka leƙa ciki?"

"Wa ke leƙa jirgin marasa lafiya ranar yanka? Ta ƙofa ya miƙo mini kayan."

Haka ne. A Hor ba a lissafa jirgin nan a cikin abin hawa. Na mai naƙuda ne da wanda maciji ya sara. Lafiyayyen da ya hau, in ji tsofaffi, ciwo ya kira wa kansa. Ba wanda ke cewa zan tafi wuri kaza a jirgi, kamar yadda ba wanda ke cewa zan je kasuwa a makara.

"Daga tafki zuwa nan, jirgin yana daɗewa?"

"In zai tashi yakan kira ni. Sai in ɗora shayi, in sha, in tuƙo zuwa filin, in tarar yana kewaya goruba. Shi yana cewa rabin sa'a."

"Rabin sa'a," Elema ya maimaita. "Ya jima a nan?"

"Ya ci abinci a asibiti, na mayar da shi. Na sauke shi a bakin filin na juya a guje, babana yana jirana da wuƙa. Daga nan jirgin ya koma tafki."

"A kira shi."

"Yana can iyakar Sudan, wayarsa ba ta shiga. Sai gobe zai biyo ta nan."

Gobe ta yi wa Erupe nisa. Elema ya koma filin shi kaɗai, ya tsaya inda tayoyin jirgin uku suka bar shaida. Daga nan ya dubi rumfar. Jiya ya ce sawun ya ɓace a tsakuwa. Bai ɓace ba, a nan ya fara, a nan ya ƙare. Ya juya ya dubi Dutsen Kulal, shuɗi can a ƙarshen ido, dutsen da yake kwana biyu kafin ya kewaye shi. Wani ya bi ta kansa tsakanin ɗora shayi da shanyewa. Rayuwarsa duka ya yi yana karanta ƙasa, ga hanya an buɗe a inda ba ƙasa.

*

Motar tafki ta iso da la'asar. Katelo ya sauko fari fat da ƙura, idanu jajur. Ya cire takalmi a bakin tabarmar makoki, ya faɗi a gaban Gumato. Samari sun riga sun fara taruwa a bayan gida da sanduna, suna duban rana.

Elema ya roƙi dattawa su zauna. Ya sa aka kira Ibrae. Sannan Kofur ya iso da Erupe a gefensa, wurin ya ɗauki guna-guni.

"A gidan ubana?" in ji Umuro yana miƙewa.

"Zauna, ɗana. Rana ba ta faɗi ba, lokacin gwamnati ne har yanzu, ni kuma aronsa na yi." Elema ya ajiye ganyen goruba a tsakiya, ya buɗe. "Ga abin da ya sa kuke son ran mutumin nan. Ni ban san kifi ba, ku ma ba ku sani ba, shi ya sa muka ga ɓawo muka ce ɓawo ne. Na kai wa wadda ta sani. Wannan na ɗanyen kifi ne, wanda jiya da safe yake cikin tafki. Erupe busasshe yake sayarwa."

"Matarsa ce ta faɗa maka," wani ya ce daga baya. "Me kake so ta ce?"

"Ku kai wa 'yan kudun asibiti, su ma ci suke. Ibrae, ɗanyen kifi ya shigo Hor jiya?"

Ibrae ya dubi surukinsa, ya dubi ƙasa. "Ya shigo. A jirgi."

Surukin ya matsar da tabarmarsa kaɗan.

"Kwandon ya yi yoyo a ƙasan jirgin," Elema ya ci gaba. "Wani ya zauna da ƙafafunsa a cikin ruwan. Ya laɓe har mota ta tafi, ya sauko, ya nufi rumfar da fushi. Da ya kai ƙofa ya cire takalmi, don ba a shiga wurin uba da takalmi. Ya fito a guje ya koma inda ya fito."

Ya juya. "Katelo, da wa ka sha shayin safe jiya mun sani. Da rana tsaka ma an gan ka. Tsakanin nan fa?"

"Baba Elema, kwana uku ne," in ji wani dattijo. "Kai ma ka sani."

"Na sani, shi ya sa na yi kuskure. Kwana uku ne a wurina da wurinka. A wurin mai mirgina wa jirgi duro, rabin sa'a ne."

Katelo bai ɗaga kai ba.

"Gobe matuƙin zai sauka, za a tambaye shi," in ji Elema a hankali. "Amma gobe mutumin nan ba ya raye. Shi ya sa nake tambayar ka yau."

Wata akuya ta yi kuka a bayan ɗaki. Da Katelo ya yi magana, muryar ba ta fi raɗa ba.

"Ban buge shi ba. Sandata na je karɓa."

Kowa ya gane. Ɗan da ba ya gida ranar Soriyo, sandarsa ta kiwo ake fitowa da ita a jera da na 'yan'uwansa, a shafa mata jinin a madadinsa. Muddin ana shafa wa sandarka, kai ɗan gida ne ko kana bayan duniya.

"Shekaranjiya da yamma aka kira ni a waya. Aka ce Baffa ya rantse bana zai karya sandata ya sa a wuta, ɗan masu kifi ba shi da rabo a jinin gidansa. Na kwana da abin. Da safe ina zuba wa jirgi mai, na roƙi matuƙin, na ce babana ba shi da lafiya. Na ce wa Baffa in zai ƙona ta, ya ba ni abata in tafi. Ya ce warin me nake yi. Ya ɗaga sandarsa, na riƙe, ya ja, na saki." Ya rufe fuska da hannu. "Na ji ƙarar kansa a duro. Na kira shi, na kira shi. Sai na ji motar tana dawowa."

"Wa ya kira ka a waya?" in ji Gumato.

Katelo ya ɗaga ido ya dubi ɗan'uwansa. Umuro ya koma ya zauna kamar an zare masa ƙashin baya.

"Tsokana ce, Inna," ya ce. "Don ya ji zafi kawai. Na ce kafin ya iso ai an gama yanka, ya huce."

Gumato ta miƙe ta shiga ɗaki. Ta fito da sanduna a rungume, waɗanda aka jera jiya ba a kai ga shafa musu ba. Ta zaro ɗaya ta ajiye a gaban Katelo. Jikinta baƙi ƙirin ne da tsohon jini, shafi a kan shafi.

"Bakinsa ne ya kore ka," ta ce. "Hannunsa bai taɓa tsallake ta ba. Jiya ma shi ya fito da ita kafin ya tafi filin."

Katelo ya kai hannu zai taɓa sandar, ya fasa.

"Da da ƙafa na zo," ya ce, "da kafin Gas na huce. Da na zauna a rijiya na yi tunani, na koma."

A bayan gida samarin suka fara sulalewa ɗaya-ɗaya, kowa yana ɓoye sandarsa a bayan ƙafa. Kofur ya kwance ankwar daga hannun Erupe. Ya daɗe yana riƙe da ita kafin ya matsa wurin Katelo.

*

Da gari ya waye dattawa suka aika wa Erupe tunkiya da buhun sukari. Ya karɓa, ya yi godiya, ya ba maƙwabcinsa malamin makaranta ajiya. Elema ya same shi a bakin gari yana ɗaure jarkokin ruwa a kan jakuna, Asekon da yara suna tsaye da ƙunshin kaya.

"Tafiya ce?"

"Zan kai su wurin kakarsu a tafki."

"Shugabar asibiti ta ce akwai wuri a jirgin yau. Ta ce bayan abin da aka yi muku, ko wannan a yi."

Erupe ya ja igiyar ya ƙulle. Kumburin leɓensa bai sauka ba.

"Mai raƙuma, waɗanda suka fasa mini rumfa, na san sunan kowannensu. Wasu a gabana aka yaye su. A tafki ina da ƙanne huɗu, dukansu masu zafin kai, kuma za su tambaye ni wa ya fasa mini baki." Ya dubi hanyar da ta miƙe cikin baƙin dutse. "In na isa yau, zan gaya musu."

"In ka isa bayan kwana uku fa?"

"Wataƙila in ce jaki ne ya harbe ni."

"Za ka dawo?"

"Ka tambaye ni a rijiya ta biyu."

Elema ya tofar da asuwakinsa, ya gyara mayafi a kafaɗa, ya karɓi igiyar baƙar jakar daga hannun Asekon.

"To mu je," ya ce. "Na san inda take."